Baba Yara, sarkin ƴan gefe: labarin da ya zo mana daga Kumasi cikin adaka

Duk wanda ya tashi a Bonkuku ko a wani gari na Imanan da Kurfai ya san irin adakar nan ta ƙarfe mai fentin furanni da ake tararwa a ɗakin tsofaffi. Tamu tana ƙarƙashin gadon kakana har yau. Daga Kumasi ta zo, a ƙarshen shekarar 1969, bisa kan mai ita. Abin da ke ciki ya daɗe da ƙarewa, turamen atamfa an ɗinke su, agogon ya mutu. Abu guda ne bai ƙare ba cikin kayan da tsohon ya kawo, shi ne wani suna da yake jefa mana duk lokacin da ya gan mu mun dawo daga fili da ƙura har gira. Sai ya dube mu ya ce: "Ku kuna ganin ƙwallo kuka yi? Ba ku ga Baba Yara ba." Muna yara mun ɗauka wani malami ne ko wani ɗan kokowa. Sai da na shiga lise na gane cewa mutum ne na gaske, kuma babban filin wasan Kumasi, wanda muke gani a tele idan Gana na wasa a gida, sunansa ne a jikinsa.

Da ƙungiyarmu ta ce kowa ya rubuta tarihin wani mutum, abokaina suka ɗauki sarakuna da sojoji. Ni na ɗauki ɗan ƙwallo. Wani ya yi mani dariya, ya ce ina ruwan ɗan Imanan da ɗan wasan Gana. To ga ruwan.

Tun zamanin Nasara, idan an gama girbin hatsi, samarin wannan yanki ba sa zama. Harajin Faransa yana jira, aikin tilas yana jira, kuɗin aure ma yana jira, sai a kama hanyar bida. Gwalkwas ce alƙibla, wato Gana ta yau kafin ta sami ƴanci a 1957. Wasu su ratsa ta ƙasar Mosi su faɗa Bawku da Tamale su gangara Kumasi, wasu su bi ta Dahome da Togo su ɓulla Ankara. Can su yi dako a kasuwa, su yi aikin katako, su shiga ramin zinariya, su yi talla. Har ƴan Hauka, waɗannan masu bori da suka ɓulla a nan Kurfai wajen 1925 suna kwaikwayon kumandan da sojojinsa, Gwalkwas suka kai abinsu bayan hukuma ta matsa musu, can ne kuma Jean Rouch ya ɗauke su a fim. Duk baƙon da ya sauka Kumasi daga arewa zango yake nufa, harshen zango kuwa Hausa ce, ko kai Bazabarme ne, ko Bamoshe, ko Badagombe. Saboda haka idan ɗan Kurfai ya ji filin wasa ya ɗauki ihun "Baba Yara", ba ya neman tafinta. Sunan ya yi kama da na gida.

Sunansa na yanka Usman Seidu. An haife shi a Kumasi ranar 12 ga Oktoba 1936. Abin da ya fi ba ni mamaki a farkon rayuwarsa, kuma na san zai yi wa mutanen Filinge daɗi tunda mu ma masu son doki ne, shi ne kafin ƙwallo ta ɗauke shi sai da ya yi hawan dawakin sukuwa a Ankara yana saurayi. Mai hawan sukuwa ba ya da nauyi, ba ya da tsoro, kuma ya san lokacin da ake sakin linzami. Ban ce doki ne ya koya masa ƙwallo ba, amma duk wanda ya ji yadda ake siffanta gudunsa a gefen fili zai tuna da wannan.

A 1955 ya shiga Asante Kotoko. Wannan ƙungiya an kafa ta a 1935, shekara guda kafin a haife shi, kuma ba ekip ba ce kawai irin ta unguwa. Ta Asantawa ce, Sarkin Asante ne ubanta, tambarinta beguwa, kirarinta kuwa ma'anarsa ita ce in ka kashe dubu, dubu za su zo. Yaro Musulmi mai sunan zango ya sa jar rigar nan, ya tsaya a gefen dama, lamba bakwai, Asantawa suka yi ta yi masa tafi. Wannan kaɗai abin tsayawa ne a duba. A kasuwa mutumin arewa shi ne mai ɗaukar kaya, ana kiransa da sunayen raini, amma ranar Lahadi a fili mai irin sunansa ne ake ɗagawa sama. Kakana yana cewa ranar da Kotoko ta ci, washegari dako ma ya fi sauƙi, domin mai kayan da kai duk bakinku ɗaya.

A cikin wannan shekara ta 1955 aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Gwalkwas da Najeriya suna da wani kofi da suke karawa a kai duk shekara, ana ce masa Jalco. A Ankara aka yi wasan, Gwalkwas ta zuba wa Najeriya 7 da nema, kuma har yanzu ba a taɓa yi wa Najeriya cin da ya wuce wannan ba. Baba Yara, yana ɗan shekara goma sha tara ko ƙasa da haka, yana cikin waɗanda suka jefa ƙwallo a raga. Daga nan sunansa ya fita daga Kumasi. Da Kotoko ya ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1958, ya ɗauki gasar lig a 1959. Jaridu suka raɗa masa Sarkin ƴan gefe na Afirka ta Yamma, sunan kuma ya bi shi har kabari.

Ya kamata mu gane mene ne ɗan gefe a wancan lokaci, domin ba irin na yanzu ba ne da ake ce masa ya dawo baya ya taya tsaro. A da ana jera mutum biyar ne a gaba. Na gefe aikinsa ya manne da layi, a ba shi ƙwallo, ya fuskanci mai tsaron baya ido da ido, ya wuce shi, ya kai ƙarshen fili, ya aiko ta tsakiya. Wasa ne na mutum da mutum, kamar kokowa, jama'a kuma suna kusa da shi har suna jin numfashinsa. Shi ya sa ɗan gefe ya fi kowa farin jini. Mafi shahara a duniya a wannan gurbi lokacin shi ne Stanley Matthews na Ingila, wanda ya zo Gana a 1957 ya buga wasanni da rigar Hearts of Oak, har aka ɗora shi kan kujerar sarauta aka naɗa shi sarkin ƙwallo. Ku riƙe sunan Matthews, zan dawo kansa.

Yanzu ga inda labarin ya fara nauyi. Shin Baba Yara ɗan ƙwallon sana'a ne? A takarda, a'a. Ƙwallon Gana a lokacin na ƴan sha'awa ne a hukumance, shi ya sa ma ƙasar ta iya zuwa wasannin Olamfik na Tokyo a 1964, inda ba a karɓar wanda ya ce da ƙwallo yake cin abinci. Sai a 1993 ne aka mayar da gasar Gana ta ƙwararru a fili. Amma a zahiri fa? Mutumin da safiyarsa atisaye ne, Lahadinsa wasa, watanninsa tafiye-tafiye da ƙungiyar ƙasa, wanda dubban mutane ke biyan kuɗin ƙofa don su gan shi, me za a kira shi? Ni a ganina yana cikin ƴan ƙwallon sana'a na farko a wannan yanki namu, sai dai irin waɗanda aka ɗora wa nauyin sana'ar ba a ba su haƙƙinta ba. A Ingila, a watan Janairun 1961, ƴan wasa ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ƙwadago, Jimmy Hill na jagoranta, sun yi barazanar yajin aiki har aka soke dokar da ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 20 a mako. Nan da nan Johnny Haynes na Fulham ya koma fam 100. Su can suna ciniki da ƙafafunsu. A Gana kuwa, a wannan shekarar dai, wani abu daban ne ya faru.

Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo da muhimmanci fiye da yawancin shugabannin zamaninsa. Yana so duniya ta ga baƙar fata zai iya, yana so kuma Ba'asante da Bagaa da mutumin arewa su ji su ƴan ƙasa ɗaya ne. Ya naɗa Ohene Djan daraktan wasanni, ya sakar masa hannu. Ƙungiyar ƙasa ta zama Black Stars. Sai suka ce ba ta isa ba, a kafa wata ƙungiya ta gwaji wadda za ta tara zaƙaƙuran ƙasa wuri guda su riƙa wasa tare duk mako, kamar yadda Real Madrid ta tara na Turai. Aka sa mata suna Real Republicans, mutane kuma suka riƙa ce mata ƙungiyar Osagyefo ta kansa, Osagyefo kuwa laƙabin Nkrumah ne. Yadda aka cika ta shi ne abin magana: aka bi manyan ƙungiyoyi aka zare ƴan wasa bibbiyu daga kowace. Daga Kotoko aka ɗauki Baba Yara da Dogo Moro. Ku dubi sunan na biyun ma.

Kumasi ta yi zafi. Dama can akwai tsama tsakanin Asantawa da gwamnatin Nkrumah tun rikicin siyasar shekarun 1950, lokacin da suka nemi mulkin tarayya aka hana su. Yanzu kuma an zo an ɗauke musu abin alfaharinsu an kai Ankara. Magoya baya sun ga ƙwace ne da rana tsaka. Ni abin da ya fi tsaya mani a rai ba fushin Kumasi ba ne. A duk wannan ja-in-ja tsakanin masarauta da gwamnati, tsakanin shugabannin ƙungiya da darakta, shi mai ƙafafun kamar kaya ne da ake sauyawa daga wannan mota zuwa waccan. Wataƙila ya so tafiyar, domin zama kusa da gwamnati yana da daɗinsa. Amma tsarin bai tanadi wurin da zai ce a'a ba, ko ya ce nawa za ku ba ni.

Kada in yi rashin adalci, shirin ya yi aiki. Republicans ta ɗauki kofin ƙalubale sau huɗu a jere daga 1962 zuwa 1965, ta ɗauki lig a 1963. Black Stars ta zama abin tsoro. A watan Agustan 1962 Real Madrid da kanta, da Di Stéfano da Puskás da Gento, ta sauka Ankara, aka tashi kunnen doki 3 da 3. Ƙungiyar da ta ɗauki kofin Turai sau biyar a jere ce fa. A wannan zamani Baba Yara ne mai gefen dama na Gana, yana tsakiyar ƙarfinsa, kuma an riga an ba Gana karɓar baƙuncin gasar cin kofin Afirka ta 1963. Kowa ya san wanda za a zo kallo.

Ranar 24 ga Maris 1963 Republicans ta je Kpandu a yankin Bolta, ta yi wasan lig da Volta Heroes, ta ci. A hanyar komawa Ankara, a wani wuri da ake kira Kpeve, motar da ta ɗauko ƴan wasan ta yi hatsari. Da yawa sun ji rauni sun warke. Baba Yara ƙashin bayansa ne ya taɓu, laka ta lalace. Yana da shekara 26. Bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba.

Gwamnati ta yi abin da za ta iya a lokacin, wannan gaskiya ne. An sa shi a jirgi zuwa Ingila, asibitin Stoke Mandeville, inda babu kamarsa a duniya wajen ciwon laka. Likitan da ya kafa sashen a 1944, Ludwig Guttmann, Bayahude ne da ya gudo daga Jamus, kuma shi ne ya fara sa majinyata masu keken guragu yin gasar harbin baka a 1948, abin da ya girma ya zama wasannin naƙasassu na duniya da muke gani yau. Ka ga ikon Allah: mutumin da ya fi kowa gudu a Afirka ta Yamma aka kai shi gidan da ake koya wa mutane wasa a zaune. A watan Agusta na shekarar ya dawo gida bisa keken. An gwada na asibiti, an gwada na masu addu'a da na gargajiya, kamar yadda kowane gida namu zai yi. Shiru.

Ranar 1 ga Disamba 1963 Gana ta doke Sudan 3 da nema a Ankara ta ɗauki kofin Afirka karo na farko, C. K. Gyamfi yana mai horarwa. Shi Gyamfi tsohon abokin wasan Baba Yara ne a ƙungiyar ƙasa, kuma ya ɗanɗana ƙwallon Turai, domin a 1960 ya je Fortuna Düsseldorf ta Jamus. A 1965 suka sake ɗaukar kofin a Tunis. A gefen dama an sami wani yaron Kotoko, Osei Kofi, ya gaji gurbin. Ƙwallo ba ta jira. In ka kashe dubu, dubu za su zo, kirarin yana da daɗi a bakin magoya baya, amma ban san yadda yake sauka a kunnen wanda yake cikin dubun farko ba.

Stanley Matthews da na ce ku riƙe, a wannan shekara ta 1965 ya yi wasansa na ƙarshe a babbar gasar Ingila yana da shekara 50, Sarauniya ta ba shi lambar girma, aka shirya masa wasan ban-kwana aka tara masa jama'a. Gurbinsu ɗaya a fili.

Ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji suka kifar da Nkrumah yana kan hanyar Hanoi. Duk abin da ke ɗauke da ƙamshinsa aka bi shi da gatari. Aka rushe Real Republicans, ƴan wasa suka koma ƙungiyoyinsu na da, Ohene Djan ya bar kujerarsa. Wato ƙungiyar da Baba Yara ya karye a bakin aikinta ta daina wanzuwa, mutanen da suka ɗauko shi daga Kumasi kuma ba su da iko ko na sisi. A nan ne nake ganin bambancin alheri da haƙƙi. Jirgin da ya kai shi Ingila alheri ne na mai mulki, kuma alherin mai mulki tare da mulkinsa yake tafiya. Haƙƙi shi ne takardar da ko an sauya gwamnati sau goma tana nan tana cewa wane ya ji ciwo a bakin aiki, ga abin da za a riƙa ba shi. Ya ƙara shekara uku a kwance. Ya rasu ranar 5 ga Mayu 1969 a asibitin Korle Bu na Ankara, yana da shekara 32. Allah Ya jiƙansa.

Wata shida bayan haka, ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia ta fitar da dokar da ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita daga ƙasar. Zangunan Kumasi da Ankara suka yamutse. Ƴan Najeriya, ƴan Nijar, ƴan Haute-Volta, ƴan Togo, har da waɗanda aka haifa a can ba su san wata ƙasa ba, suka cika tashoshi da iyakoki. Mutane sun sayar da gidaje da shaguna a kuɗin goro. Cikin wannan ayari adakarmu ta dawo Imanan. Kakana ya yi shekaru yana ɗaukar kayan Kumasi a kansa, bai taɓa tunanin neman takarda ba, domin ba wanda ya taɓa tambayarsa. Shi ya sa, ina tsammani, idan yana ba da labarin Baba Yara ba ya tsayawa a kan cin ƙwallo, kullum sai ya gangaro kan hatsarin. Ya kan ce: "Ƙarhinmu suka so, ɗana. Ran da ƙarhi ya ƙare, sai a tambaye ka takarda."

An tuna da shi daga baya. A 2004, zamanin shugaba John Kufuor, wanda shi kansa ya taɓa shugabantar Kotoko, aka sauya wa filin wasan Kumasi suna ya koma na Baba Yara, shekara 35 bayan rasuwarsa. An gyara shi don gasar Afirka ta 2008, yana ɗaukar mutum wajen dubu 40. Mu namu babban filin na Yamai sunan Janar Seyni Kountché ne a kansa, ɗan Fandu, nan kusa da mu. Ba na ƙorafi, namu ne. Amma na lura cewa su can ɗan wasa suka sa wa filin wasa. Kuma zangon Kumasi bai daina haihuwa ba: Karim Abdul Razak, wanda ya zama gwarzon Afirka a 1978, daga Kotoko ya wuce New York Cosmos ta Amurka a 1979, ya sa hannu a kwantaragi irin wanda Baba Yara bai taɓa gani ba, ya yi atisaye fili ɗaya da Beckenbauer.

Abin da ya sa na dage sai na rubuta wannan ba kakana ne kaɗai ba. Tun da Mena ta je gasar Afirka a 2012 da 2013, tun da aka ji Moussa Maazou ya tafi Beljik daga can ya wuce CSKA ta Mosko, babu fadar da za ka zauna a Filinge ko Bonkuku ba ka ji yaro yana lissafin tafiya ba. Bida ce dai irin ta kakanninmu, adakar ce ta koma jakar takalma. A gasar babban hutu ta bara, wani abokina da muka taso tare, wanda duk garin ya yarda ya fi mu, ya karye a ƙwauri ana saura minti kaɗan a tashi. Waɗanda suka shirya gasar sun karɓi kuɗin rajista daga kowace ekip, sun kawo manyan baƙi, an yi jawabi. Da aka ɗauke shi a amalanke zuwa wurin mai ɗori, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya biyo baya. Mu ƴan fada muka yi karo-karo, jika ɗaya, jika biyu, mahaifinsa ya sayar da tunkiya. Ƙafar ta ɗoru a karkace. Yanzu yana taya yayansa jiran shago, idan ana mash a tele shi ne mai fassara mana dabarar da mai horarwa ya yi.

Ranar da na karanta masa wannan rubutu kafin in kai a buga, ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba. Da na gama sai ya tambaye ni ko akwai fim ɗin wasan Baba Yara da za a iya gani a waya. Muka nema tare har cajin ya ƙare, abin da muka samu hotuna ne marasa launi, wani siririn saurayi da ƙwallo a gabansa. Muka kai wa tsoho wayar bayan an yi mata caji. Ya kawo ta kusa da ido, ya nisantar, ya sake kawowa, sannan ya ce hoton bai yi kama da shi ba, domin shi bai taɓa ganinsa a tsaye wuri ɗaya ba.